Shanun da Ba Su da Tozo

In ka baro Buji ka saki kwalta ka nausa cikin gonaki, kafin ka shiga garinmu akwai wani dutse da ya sunkuyo ya yi rumfa, inda manoma ke fakewa in ruwa ya rutsa da su. A bangon rumfar nan akwai zanen shanu da wani jan abu, ya koɗe har sai ka tsaya idonka ya saba da inuwa kafin ka gan su. Dogayen shanu ne masu manyan ƙahoni, amma bayansu a miƙe yake sambal, ko ɗaya ba ta da tozo. A gefensu akwai ɗan zanen mutum, tsawonsa bai fi tafin hannu ba: kai kamar ƙwallon goruba, jiki siriri, hannu ɗaya a miƙe da wani dunƙulen abu a ƙarshensa. Ba fuska, ba tufa, ba abin da zai gaya maka mace ce ko namiji. Wa ya zana, yaushe, don me, Allah kaɗai ya sani. Mun tashi mun tarar da shi, iyayenmu ma tararwa suka yi.

Gwaggo, yayar mahaifinmu, Inna take kiran ɗan zanen nan.

Kada wani ya yi saurin cewa tsohuwa ta kauce hanya, don sai na saɓa da mutum a kan wannan. Gwaggo mace ce mai salla da azumin nafila, ita ta koya mini alwala da ranƙwashi. Abin da ya faru shi ne, mahaifiyarsu ta rasu wajen haihuwar mahaifinmu, Gwaggo tana ƙarama ƙwarai, kakarta ta ɗauke ta. Wata rana da damina suna dawowa daga kai abinci gona ruwa ya tsuge, suka ruga rumfar dutsen. Yarinya ta ɓare baki tana kuka sai an kai ta wajen innarta. Tsohuwa ta yi lallashi ta gaji, ta rasa ta cewa, sai ta ɗaga ta sama ta nuna mata bango.

"Ga ta can," in ji kakar. "Tatsa ta je. Ba ki ga ƙwarya a hannunta ba? Yi shiru ta gama."

Yarinya ta yi shiru. Shi ke nan fa, zance ya zauna.

"Na san ba ita ba ce," haka Gwaggo ta taɓa gaya mini, ina budurwa, da na tsokane ta. "Ni ba mahaukaciya ba ce, 'yar nan. Ku in kewar mutum ta kama ku sai ku ɗauko hoto ku gan shi yana dariya. Ni ko kamanninta ban riƙe ba. Wannan aka nuna mini, shi nake da shi."

Duk sanda hanya ta bi da ita ta wajen, sai ta ratse ta shiga. Ta yi sallama, ta zauna a kan wani shafaffen dutse, ta ɓantari goro, ta ɗan dubi bangon. In za ta yi wa mahaifiyarta addu'a kuwa sai ta juya wa zanen baya ta fuskanci gabas, don kada wani mai wucewa ya samu abin faɗa. Ni ina biye da ita riƙe da kwanon abinci, duk na ƙosa mu tafi, saboda warin kashin jemagu.

Da na je kwalejin horon malamai wani malaminmu ya ba mu labarin irin waɗannan zane-zane. Ya ce sun girmi garuruwanmu duka, kuma shanu marasa tozo sun riga masu tozo zuwa ƙasar nan, amma mutanen da suka zana su ba wanda ya san harshensu balle abin da ke ransu. Rabin maganar na riƙe, rabin na watsar. Na dawo hutu kaina a kumbure, na tara mutanen gida na sanar da su cewa zanen nan hujja ce: a zamanin da mata ne masu shanu, su ke da dukiya, su ke da ta cewa, daga baya maza suka ƙwace. Na ma fi ƙarfafa maganar bayan na fara koyarwa a Dutse, lokacin da ake ta tsallake mu mata ana ba yaran da muka koya wa aiki muƙami. Duk sanda aka ɓata mini rai a makaranta sai matar kan dutse ta ƙara girma a idona, har ta kusa zama sarauniya.

Gwaggo ta saurare ni tsaf tana tsince wake, sannan ta ce, "Ke kuma taki rigimar kika kawo mata. Baiwar Allah tana tatsarta."

Ba ni kaɗai ba ce mai kai wa dutsen nan kayana. Yayanmu, babban wanmu da ya yi aikin ƙaramar hukuma har ya yi ritaya ya dawo gida, shi tun fil'azal maharbi yake gani. Ka tambayi asalin kowane gari a ƙasar nan, za a ce maka wani maharbi ne ya zo ya sare shi, to namu ma ba za a bar shi a baya ba. Dunƙulen da Gwaggo ke kira ƙwarya, a wajen Yaya baka ne da ruwa ya cinye rabinsa. Samarin da suka fara zuwa karatu birni suka dawo da gajerun wanduna, su boka suka gani da wuƙa zai yanka wa gunki saniya, har suka taɓa cewa za su ƙona tayoyi a ciki hayaƙi ya shafe shi. Wata Bafillatana mai kawo mana nono da na tambaye ta, dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce ɗan kiwo ne da gorarsa, wannan ai a fili yake, amma wanda ya zana bai san saniya ba, ina aka taɓa saniya ba tozo? Maƙwabciyata a unguwar Takur da ke Dutse kuwa, 'yar Filato ce mai aiki a sakateriya, da na nuna mata hoton a waya ta ce ko tantama babu wurin roƙon ruwa ne, su ma can gida suna da irinsa, kakanninsu suka bari da zuwan mishan. Kowa da tabbacinsa, kuma ba wanda ya taɓa cewa bai sani ba. Ni ma ban ce ba.

Ana nan sai yanar ido ta fara rufe wa Gwaggo gani. Da farko zare ne ba ya shiga allura, daga nan ta fara zuba wa akuya dusa a kwanon alwala, har ta kai sai da ɗan jagora. Mijinta ya daɗe da rasuwa, Allah bai ba ta haihuwa ba, mu ne 'ya'yan. Na ɗauko ta na kawo ta Takur wajena, tana tirjewa tana cewa ita ba za ta iya garin da ake sayen kuka da daddawa ba. Ta zauna dai. Abin da ba ta daina faɗa ba shi ne, in Allah ya buɗe mata ido ko na yini ɗaya ne, ba Makka ta roƙa ba, don wannan ta fi ƙarfinta, a kai ta ta ga Inna. Na ce mata in Allah ya yarda da hannuna zan kai ta. Alkawari ne mai sauƙin ɗauka a lokacin, don ban ga ranar ba.

Wata Asabar ina wanki sai ga saƙon hoto daga Yaya, da rubutu a ƙasa wai in taya su murna. Na buɗe. Wallahi sai da na zauna a kan bokiti.

Rumfar dutsenmu ce, amma kamar bayan babbar motar ɗaukar kaya. Shanun sun zama farare fat da fentin mai, kowace da ƙaton tozo ya karkace gefe don ƙiba, har da kore shar a ƙarƙashin ƙafafunsu wai ciyawa. Inda ɗan zanen nan yake kuwa, wani ƙato ne tsaye, ya ninka shi sau nawa, da malafa da gemu da layu a damtse, da kwari a baya, ya ɗana kibiya. An kafa allo a bakin hanya da rubutu cewa nan ne maharbin da ya sari garinmu ya fara sauka.

Ban tsaya shanya ba. Na shiga mota na tafi, na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, da fara'arsa.

"Yaya, ka san abin da ka yi kuwa?" Ko gaisuwar kirki ban yi ba, abin da ban taɓa yi masa ba.

"A'a, Malama, daga zuwa? Zauna mana."

"Ba zan zauna ba! Abin da ya shekara Allah kaɗai ya san nawa, ruwa bai cinye ba, rana ba ta cinye ba, kai ka cinye shi da gwangwanin fenti? Wa ya ce maka maharbi ne? A ina ya gaya maka?"

"Ke wa ya ce miki sarauniya ce?" in ji shi. Wannan ta same ni, amma ban nuna ba.

Sai ya gyara zama ya ce in saurara. Wai ina Takur ina shan fanka, ban san abin da ake ciki ba. Masu fasa dutse sun gama da duwatsun ƙauyen da ke gaba da mu, kullum nakiya ke tashi, tifofi na kwasar tsakuwa zuwa Dutse, yanzu sun juyo kan namu, har sun zo sun ga dagaci. Shi Yaya ya je ya yi ta zarya a ofisoshi, da ƙyar ya samu wani jami'i ya biyo shi. Mutumin ya shiga rumfar da baƙin tabarau, ya duba, ya ce shi bai ga komai ba sai tsatsar dutse, ya toshe hanci ya fita.

"Dutsen da ba shi da labari tsakuwa ne, Malama," in ji Yaya. "In ce musu me? In ce ga wasu jajayen layuka ba mu san na wane ne ba? Sai na ce dole a tada zanen ya fito, kowa ya gani."

Ƙungiyar ci gaban gari ta zauna, aka ɗauko wani mai fenti daga Yalwawa, wanda ke zana motoci da allunan masu aski. Shi kuma bawan Allah da ya ga shanu ba tozo sai ya ɗauka ruwa ne ya wanke, ya mayar musu da abinsu, har yana cewa ba zai ƙara kuɗin tozo ba. Da ya zo kan ɗan mutum ya tambaya wane ne, aka ce maharbi, ya zana maharbin da ya sani.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne dabarar ta ci. Jami'in ya dawo ya ga maharbi da gemu, ya jinjina kai, aka yi hotuna, masu nakiya suka nufi wani wajen. Samarin tayoyi ma suka yi shiru, tunda yanzu kakan gari ne, ba boka ba. Ba don Yaya ba da yanzu rumfar nan tana ƙarƙashin kwaltar wata unguwa. Na san haka, kuma sanin bai rage mini komai ba.

"To Gwaggo fa?" na ce.

Wallahi ya manta, a fuskarsa na gani. Can ya ce, a hankali, "Ai ba ta gani."

"Wata mai zuwa za a yi mata aiki. Likitocin ido sun zo, sun duba ta, sun ce yana ce kawai, za a cire."

Yaya ya dube ni kamar na mare shi. A ranar muka ɗauki kananzir da tsumma muka tafi. Ya zaɓi gindin wutsiyar wata saniya ya goga a hankali. Farin ya fita, amma jan da ke ƙasa ya biyo shi, sai dutse tsirara. Na riƙe masa hannu na ce ya bari haka nan. Muka dawo gida.

An yi aikin lafiya. Ranar da aka cire mata auduga, Gwaggo ta ƙifta ido, ta ƙifta, ta tsura mini shi.

"La'ilaha illallahu! Ashe haka kika yi furfura kika bar ni ina ce miki yarinya? Wannan ƙibar kuma ta mece ce?"

Muka yi dariya har da hawaye, 'yar Filato ta kawo mata farfesu, Gwaggo ta zauna tana ƙare wa kowa kallo tana faɗin aibinsa. Labulena bai yi mata ba, mijina ya yi sanƙo ba a gaya mata ba. Farin cikina a ranar ba ya faɗuwa, amma na san abin da ke tafe. Ko kwana ba a yi ba ta ce, "To, yaushe za mu gida in gaida Inna?"

Na ce likita ya hana shiga rana. Da wannan ta ƙare na ce hanya ta lalace, ruwa ya cinye gada. Na ce jarrabawa ake a makaranta. Ina ƙarya tana kallona da sabon idonta, wanda ko ƙudan da ya gifta ba ya wuce shi.

"Ke 'yar nan," ta ce wata safiya, "ido aka gyara mini, hankalina da ma lafiyarsa ƙalau. Dutsen aka fasa?"

"Ba a fasa ba, Gwaggo."

"To me?"

"Gyara aka yi masa."

"Gyara," ta maimaita. "Ɗauko mini mayafina."

Na buga wa Yaya waya na ce ga mu nan, in ya ga dama ya ɓuya. Ya ce a'a, shi ya yi, shi zai tsaya. Wannan kam na yaba masa. Muka same shi a bakin hanya wajen allon, ya sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta dafa kansa ta yi masa tsiyar furfura shi ma, ta ƙi a riƙe mata hannu. Gero ya yi kai a lokacin, ta bi ta tsakiyar gonaki da ƙafarta tana faɗin gonar wane ce wannan, ta wane ce waccan, mu muna biye kamar masu rakiyar gawa.

Ta yi sallama a bakin rumfar kamar yadda ta saba, ta shiga. Yanzu ba sai ido ya saba da inuwa ba, farin fentin daga nesa yake ihu. Ta tsaya ta dubi shanun ɗaya bayan ɗaya.

"Shanun sun samu kiwo," ta ce. "Har da tozo."

Ta matsa gaban ƙaton nan mai malafa, ta ɗaga kai ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Wannan kuma wane ne?"

Yaya ya yi gyaran murya. "Kakanmu ne, Gwaggo. Maharbin da ya sari gari." Ya fara bayanin nakiya da tifofi da jami'i. Ta ɗaga masa hannu.

"Na ji. Ka kyauta, ɗan nan, ka tsare dutse. Allah ya yi maka albarka." Da gaske ta faɗa, ba gatse a ciki, kuma na ga albarkar ta fi zagi yi masa ciwo. Ta juya ga zanen ta ce, "Sannu da zuwa, baƙo."

Sai ta matsa dama ta leƙa, ta dawo hagu ta leƙa, kamar mai neman wani a bayan mutum a cikin taro. Ta sa yatsa a kan cinyar maharbin, daidai inda ɗan hannun nan da ƙwarya yake a da, ta shafa, ta ɗan ƙanƙara da farce, ta bari. Ni dai na kasa daurewa, na sa mayafi na toshe bakina.

"Ɗan nan," ta ce, ba ta waiwayo ba, "ce masa ya ɗan matsa mana. A kan Inna ya tsaya."

Yaya ya sulale ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa, cikin kashin jemagu, ya cire hula ya rufe fuska. Mutum mai jikoki, kafaɗunsa na rawa. Tun rasuwar mahaifinmu ban ga kukansa ba.

Gwaggo ta zauna a kan shafaffen dutsenta, ta juya wa bango baya, ta fuskanci gabas, ta ɗaga hannu ta yi wa mahaifiyarta addu'a, doguwa, ta shafa. Ta ɓantari goro ta miƙa wa Yaya rabi, ta ce ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, mutane na wucewa.

Ba ta koma Takur ba, ta ce tunda tana gani a bar ta a ɗakinta. Ta yi sauran shekarunta da idonta garau, tana zura zare a allura da kanta, tana bi ta gaban dutsen nan in za ta gaisuwa ƙauyen gaba. 'Yan makaranta ana kawo su a mota su ga maharbi, su yi hoto da shi. Ita kuwa in ta zo daidai wajen sai ta ɗan rage tafiya, ta yi sallama daga bakin hanya, ta wuce. Har Allah ya karɓi abinsa ba ta ƙara shiga ba.